Neman Jinjirin Wata a Bayan Dusar Ƙanƙara

Sama ce ta fara ɓace mini a Ingila. Ranar da jirgin ruwa ya sauke mu a Libarful na ɗaga kai na ga wani abu toka-toka a shimfiɗe bisa gari, na ɗauka hadari ne da zai zubar ya wuce. Ashe haka samansu take, ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Ni kuwa ɗan unguwar Gwange ne, haifaffen birnin Yerwa, inda mutum kan san lokacin salla da inuwarsa, ya san kwanan wata da ɗaga kai kawai. Aikina duba fatu da ƙiraga a Kasuwar Shanu, kuma saboda shi aka turo ni wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar, in shekara ina koyon jima irin ta zamani. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana ta tura irinmu mu koyo mu dawo. Wanda ya rubuta sunana alheri ya yi mini, amma sau da yawa a shekarar nan na tuna shi ba da addu'a ba.

A tashar jirgin ƙasa na gamu da wanda ya fara yi mini maraba. Wani Bature ne mai fara'a, ya ce mini "sannu" da Hausa, ya ce ya yi soja a ƙasarmu. Jin kalmar nan ɗaya ya sa na saki jiki kamar na ga ɗan uwa. Ya dubi rigata ya girgiza kai, ya ce sanyi zai kashe ni kafin Juma'a, ya ja ni wata kwana ya sayar mini da kwat baƙa mai sheƙi. Ni da nake gane fatar da ƙwaro ya ci ido rufe, sai da na isa inda za ni na ɗaga kwat ɗin a gaban fitila na ga haske yana ratsa ta ta ko'ina. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Zango na biyu gidan wata mata ce. Kafin ita na ƙwanƙwasa ƙofofi da dama, ana buɗewa a dube ni, a ce cikin ladabi an riga an ba da ɗakin. Ita ta karɓe ni, na roƙe ta abu ɗaya, kada ta ba ni alade. Ta dafa ƙirji ta ce har abada. Na fi wata guda ina cin girkinta ina sa mata albarka. Wata safiya na shiga kicin neman ruwan ɗumi na alwala, na tarar tana yankar wani farin kitse tana jefawa a kasko. Na tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Ai naman na saniya ne, ban yi maka ƙarya ba. Man suyar ne kawai."

Na fita bayan gida na yi ta kakarin amai, babu abin da ya fito. A ranar na ɗaure akwatina.

Mai gadin makarantar jima ne ya nuna mini zango na uku, gidan wani tsoho a ƙarshen gari, Mista Holdin. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, mai ba jirgi hannu, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Ya saurari sharuɗɗana har na gama, sannan ya buɗe kabad ya ɗauko sabon kasko ya miƙo mini, ya ce, "Wannan naka ne, ba na taɓawa." Iyakar maganar da ya yi mini ke nan a ranar.

A bayan gidansa akwai wani farin akwati mai ƙafafu huɗu, da wata tukunyar tagulla a binne rabi, da zakaran ƙarfe a kan sanda yana juyawa da iska. Kullum da safe, ko ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya fita ya leƙa akwatin, ya juye ruwan tukunyar a wata siririyar kwalba, ya ɗaga ta daidai idonsa ya daɗe yana kallo. Na ɗauka tsafinsa ne, na kawar da kai, kowa da abin da yake bauta wa. Daga baya na gane awon ruwan sama da sanyi yake yi. Su 'yan kaɗan ne a warwatse tun daga garinmu har bakin teku, ba wanda ya sa su, ba mai biyansu, suna auna sama suna aika wa wani ofis a kudu wanda ko godiya ba ya yi. A Gwange, dattijon da ya shekara ashirin yana auna ruwan sama a kwalba, tuni an fara yi masa rubutun sha.

Na san irin mutumin da nake zaune da shi wata rana da zazzaɓi ya kwantar da shi, aka wuni ana ruwa, tukunyar ta cika ta tumbatsa. Da ya tashi na ce ya ƙiyasta mana, ai ya san kimanin abin da ya zuba. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na ce ya yi sata.

Ya ce, "Ban gani ba. Wurin zai zauna fanko."

Ya kyautata mini iyakar iyawarsa, amma kewa ba ta jin wannan. A garin nan babu mai tambayarka gajiya, babu mai tambayarka iyali. Juma'a takan zo ta wuce kamar Talata. Nakan kama kaina ina magana da Barbarci ni kaɗai a ɗaki, ni ɗin da matata Falmata take yi wa dariya in na gwada, tana cewa harshena na jikan Kanawa ya yi kauri. Wata rana a makaranta aka kwance wani ƙunshin fatun awaki da aka kawo daga ƙasarmu. Na ɗauki guda na juya, na ga irin fiɗar da mahautan Kasuwar Shanu suke yi, har da 'yar tsagar da suke bari a wuya. Na kai ta hanci. Malamin ya tambaye ni ko na ji wani aibu ne, na ce a'a, lafiyarta ƙalau. Ni ne ba lafiya ba.

Tun da na sauka nake riƙe da lissafin watanninmu a ka, amma ban taɓa ganin tsayuwar wata ko sau ɗaya ba. Duk ƙarshen wata gajimare ne, sai in cika talatin in wuce. Wanda ya yi haka wata bayan wata ya san lissafinsa na iya zamewa da kwana ɗaya ko biyu. Da haka na ɗauki azumi, cikin tsakiyar sanyi, ban da tabbas ko na riga mutanen gida ko sun riga ni. Yinin gajere ne, ba yunwa ba ƙishirwa, amma ban taɓa yin azumi mai nauyinsa ba. Babu ladan, babu kunun tsamiya, babu mai miƙo maka dabino. Ko ranar da zan duba in sha ruwa babu. Mista Holdin ne ya lura, ya mayar da shayinsa na yamma zuwa magariba. Yakan dubi agogo ya ce, "Ta faɗi, Mista Habu," sai mu sha tare.

Da azumi ya zo ƙarshe, abin ya tsaya mini a rai. A gida, yammacin ashirin da tara, mutane sukan hau soraye da katangu tun daga Limanti har unguwarmu, kowa fuska a yamma. Wanda ya gani ya ruga gun alƙali, in adilai biyu Musulmi sun shaida, sai ka ji bindiga, gari ya ɗauka. Ni ba nama nake so ba, ba sabuwar riga ba. So nake safiyar da zan sa goshina a ƙasa ta zama ita ce safiyar da mahaifina zai sa nasa, Falmata tana rabon tuwo. Komai na gida ya kuɓuce mini, wata kaɗai ya rage da muke tarayya a kansa. In ban gan shi ba, zan iya wuni da azumi suna Idi, ko in yi Idi suna azumi, kuma ba zan sani ba.

Na bayyana wa Mista Holdin wannan ana gobe ashirin da tara ga lissafina. Ya ɗauko wani littafin lissafin taurari ya ce bisa ga abin da ke ciki an riga an haifi watan.

Na ce, "Mu ba ma bin lissafi. Sai ido ya gani."

Na zaci zai ji haushi. Sai na ga fuskarsa ta washe, karo na farko tun zuwana. Ya rufe littafin ya ce, "Haka ya kamata." Sannan ya ce, "Gobe akwai dusar ƙanƙara, 'yar kaɗan, daga arewa maso yamma za ta zo. A bayanta sama a wanke take. Abin da ban sani ba shi ne ko wutsiyarta za ta wuce kafin watanka ya faɗi."

Kashegari ban je makaranta ba. Gidan ba tarho, sai jan ɗakin tarho na bakin titi, kuma nan ne ofishin su Mista Holdin masu auna sama. Sun saba in wani abu na tafe a sama, su riƙa kiran juna a lokutan da suka ajiye. Ta can kusa da teku wata gwauruwa ce mai riƙe gidan waya na ƙauyensu, Misis Dosin. Na tsakiya wani makiyayin tumaki ne a kan tudu, Tom. Mu ne na ƙarshe ta gabas. Muka tsaya a ɗakin nan mu biyu a matse, numfashinmu yana rufe gilashi.

Wajen azahar tarho ya yi ƙara. Misis Dosin ce, ta ce dusar ta fara sauka a wajenta, siririya, kamar ana tankaɗe. Can Tom ya kira ya ce ta iso shi, iska tana kaɗa ta gefe guda. Mista Holdin yana ji yana gyaɗa kai, yana auna tsakanin kiran farko da na biyu don ya san saurin tafiyarta. Kafin la'asar ta iso mu. Ni na riga na ga dusar ƙanƙara a watannin baya, na tsane ta tsana mai tsanani, kuma wannan ko takalmi ba ta rufewa. Amma tsofaffin nan uku murna suke kamar an yi musu haihuwa. Sun yi gardama mai tsawo a kan ko busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya, ni kuwa ina tsaye ina leƙen yamma ta gilashi.

A kira na gaba Misis Dosin ta ce a ba ta baƙon. Na karɓa, na ji wata murya ƙarama tana rawa.

Ta ce, "Kai ne mai neman wata? Kada ka damu, ɗana. Na rufe kanti na tsaya a taga, ba inda za ni."

Ban taɓa ganin matar nan ba, har na bar ƙasar ban gan ta ba. Amma tun da na sauka ba wanda ya ce mini ɗana, sai da na juya fuska ga gilashi na ɗan lokaci.

La'asar sakaliya Misis Dosin ta sake kira, ta ce dusar ta ɗauke a wajenta, ga wani siririn shuɗi ya buɗe a kan teku. Mista Holdin ya ajiye tarho ya dubi agogo, leɓɓansa suna motsi. Ya ce buɗewar saman ba za ta iso garinmu a kan lokaci ba, amma tudun Tom wataƙila. Ya fito da tsohon babur ɗinsa mai kwando a gefe, ya cusa ni a kwandon kamar buhun gero. Mutum ne da ya haura saba'in, hanya kuma da santsi. Na ce masa ya bari, kada in zama sanadinsa. Ya ce in riƙe hulata.

Sanyin hanyar nan ban da bakin faɗarsa. Kwat ɗin sojan ƙarya ba ta tare komai ba, da muka isa sai da Tom ya ciro ni, ya yafa mini wani buzun tunkiya mai warin gaske. Muka tsaya a jikin katangar duwatsu muna fuskantar yamma. Dusar tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya. Can ƙasa wani jan layi ya bayyana inda rana ta faɗi. Mista Holdin ya ce, "Ta faɗi." Ban zo da komai ba, na dangwali ƙanƙarar kan katanga na sa a baki na yi bismilla. A daidai nan wata tunkiya ta tsallake shinge, Tom ya bi ta yana zagi.

Sai gajimaren ya tsage. Wani fili ya buɗe, kore-kore, mai tsabta, irin saman da na manta akwai ta. Na kafa ido inda mahaifina ya koya mini tun ina ƙarami, sak bisa inda rana ta faɗi, kamar tsawon mashi. Na zuba ido har hawaye suka cika shi saboda iska.

Mista Holdin ya ce a hankali, "Ga shi."

"Ina?"

"Ba nan ba. Hagu, ka ƙara sama."

Na goge ido na juya hagu. Abin da na tarar shi ne gefen wani gajimare yana rufe wurin kamar ana jan labule. A inda wata yake tsayawa a Yerwa na neme shi, ban san a ƙasar nan yakan karkata gefe ba. Muka tsaya har duhu ya rufa, bai sake buɗewa ba.

A kicin ɗin Tom, gaban murhu, na yi wa tsohon tambayoyin da alƙali yake yi wa mai shaida. Ina ƙahoninsa suka fuskanta? Ya ce sama da hagu, a jingine yake. Kaurinsa fa? Ya ce kamar abin da aka yanke daga farce. Ya daɗe? Ya ce bai fi a ja numfashi uku ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya don ya gamsar da ni ba. Na sunkuyar da kai, don abin da zan faɗa ya yi mini nauyi, ga mutumin da ya tuƙo ni cikin ƙanƙara.

Na ce, "Mista Holdin, a garinmu ba za a karɓi shaidarka ba. Sai mutum biyu, kuma sai Musulmi."

Tom ya yi dariya ya ce, "In biyu ake so, ai ga ni. Ka ce ni ma na gani, wa zai sani?"

Mista Holdin ya juya ya dube shi. Ya ce, "Ba ka gani ba, Tom. Tunkiya kake bi." Sannan ya juyo gare ni. "Dokarku dokarku ce, ban ce ka karya ta ba. Abin da na gani na faɗa maka. Abin da za ka yi da shi naka ne."

Muka koma gida. Kamar kullum ya ajiye mini burodi da butar shayi don sahur, bai rage komai ba, bai ƙara ba.

Na tashi kafin asuba na zauna gaban burodin nan. Ni ba malami ba ne, kuma babu malamin da zan tambaya. Na san abin da aka koya mini, na san cika talatin shi ne hanyar da ba mai zargina a kanta. Amma na yi ta tunanin dalilin da ya sa ake neman adili, ai don kada a gina ibada a kan ƙarya ne. Na laluba duk mutanen da na sani, na gida da na waje, ina neman wanda za a miƙa wa shaidar zur kyauta don ya faranta wa abokinsa, ya ture ta. Ban samu da yawa ba. Alfijir ya keto ban taɓa burodin ba.

Na yi wanka na sa farar rigar da ke ƙasan akwati tun zuwana. Da na sauko yana zaune yana shan shayi, kofi ɗaya ne a teburin, bai ajiye mini ba don kada ya zama ya tura ni. Na buɗe kabad da kaina na ɗauko kofi na zuba na sha, gari a waye, a gabansa. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya tura mini sukari.

Na shimfiɗa buhu a bayan gida, kusa da farin akwatinsa, na yi raka'a biyu ni kaɗai. Dusar jiya ta riga ta fara narkewa, ruwa yana ratsa buhun yana jiƙa mini gwiwa. Na yi kabbarori a hankali don kada maƙwabta su leƙo. Da na sallame na juya dama na juya hagu, babu hannun da zan kama. Na ce barka da Sallah, na ambaci mahaifina, na ambaci Falmata, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Sannan na tuɓe rigar na sa kwat na tafi makaranta, don ranar aiki ce.

Na dawo Yerwa bayan watanni. Da dare ya yi masu sannu da zuwa suka watse, mahaifina ya tambaye ni ko na samu yin Sallah a can. Na ce na yi, Baba. Ya ce madalla, ya gyara zama ya fara cewa, "Mu nan bana ai ranar..." Na miƙe da sauri na ce bari in ɗebo masa ruwa. Kafin in dawo ya shiga wata maganar.

Ni na san ranar da na yi tawa, ba zan manta ta ba. A Gwange kuwa har yanzu akwai tsofaffin da za su faɗa maka ranar da aka yi kowace Sallah, da wanda ya ga watan, da katangar da ya hau. Tambaya ɗaya ta isa. Na yi furfura ina zama da su a inuwa ɗaya, ban yi ta ba.